Tauraro Ɗayan Pak Tumijan

Akwai wani gidan abinci a garin Solo da mu 'yan unguwar kasuwar tsuntsaye ba za mu taɓa mantawa da shi ba. Na marigayi Pak Sarwoko ne (Pak a wajenmu kamar a ce Baba ne). Miyar kazarsa ba laifi, amma in za a faɗi gaskiya, shayi ne ke kai mu.

Mai haɗa shi Pak Tumijan ne, wani siririn dattijo mai kaifin baki. Ganye iri uku yake gaurayawa da hannu, don a garin nan kowane mai shayin kirki yana da haɗinsa da ba ya gaya wa kowa. Nasa yakan fito da kauri da zaƙi, ƙanshinsa ya tare ka tun daga bakin titi. Shekara ashirin da shida yana tsaye gaban tukunyar nan. Har yau in na tuna sai kewa ta kama ni.

Da Pak Sarwoko ya rasu, 'yarsa Ninik ta karɓi gidan. Ta yi fenti, ta sa fankoki, ta sayo shayin 'yar jaka wanda kowa zai iya tsomawa. Sannan ta tura wa Pak Tumijan saƙo ta waya cewa ya huta a gida, an gode.

A wajenmu kuwa, wanda zai bar aiki yakan zo ya bi kowa ya ba shi hannu, a yafi juna. Wannan ne aka hana dattijon.

Bayan mako biyu sai ga sharhi a shafin gidan na intanet, da maki mafi ƙasa, tauraro ɗaya tak cikin biyar: "Shekarata ashirin da shida a nan. An sallame ni ta waya, ban yi ban kwana da kowa ba. Shayin yanzu kuma ruwan zafi ne mai launi."

Mutane suka yi ta yaɗawa. Masu ci suka ja baya, ana ta cewa 'yar Sarwoko ta zubar da sunan ubanta. Wannan maganar ce ta fi yi mata ciwo.

Da safe ta tara ma'aikata. "Kowa ya fito da wayarsa. Tauraro biyar-biyar, ku rubuta cewa tsohon nan ƙarya yake yi. Gobe lauya zai aika masa takarda."

Mbok Darmi, tsohuwa mai dafa miya, ta goge hannu a zaninta. "Ni wayata ko hoto ba ta ɗauka, 'yar nan. Ara mini taki in ƙara tauraro ɗaya kusa da nasa."

"Haba Mbok! Har da ke?"

"To wace ƙarya ya yi? Ta wayar, ko ta shayin? Mutumin da ya riƙa goya ki a keke zuwa makaranta za ki kai wa lauya?"

Ninik ta ɗauko ruwan zafi da sabon shayin nata. Ta tsoma jaka ɗaya a kofi, ta kurɓa, ta ajiye. Sannan ta ɗauki waya ta rubuta amsa a ƙarƙashin sharhin, inda kowa zai gani: "Gaskiya Pak Tumijan ya faɗa, duka biyun. Kuskuren nawa ne, ba na mahaifina ba. Pak, ka yafe mini, ka zo."

Ranar Juma'a ya zo cikin rigarsa ta zuwa biki. Ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Ninik ta sunkuya ta ɗora goshinta a bayan hannunsa.

"Pak, ka dawo aiki."

"A'a 'yata, gwiwoyina sun riga ni yin ritaya. Sallama na zo yi. Kawo ganye."

Ya sa ta gauraya da hannunta yana yi mata faɗa. Da suka gama ta ce, "Tauraron fa, Pak? Za ka gyara?"

"Sai ranar da shayinki ya kai."

Masu ci suka dawo, har da waɗanda amsar nan kawai ta kawo su. Shi kuma duk wata yakan zo ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Saura kaɗan."

Bara Allah ya yi masa rasuwa. Bayan zaman makoki, 'yarsa, wadda da wayarta aka rubuta sharhin, ta zo ta ce za ta goge shi. Ninik ta riƙe mata hannu, hawaye na zuba.

"Bar shi. Bai ce ya kai ba tukuna."

Darasi: In tsohon ma'aikacinka ya soke ka a bainar jama'a, kafin ka nemi rufe masa baki ka tambayi kanka ko gaskiya ya faɗa. Amsa laifi ya fi wanke suna a kan yabon da aka sa mutane yi dole. Ku tura wa duk mai ma'aikata a ƙarƙashinsa.