Alewar da ta rufe bakin Asta

Akwai wata yarinya mai suna Asta a wani ƙaramin gari na bakin teku a Denmark. Ajinsu ɗaya da ɗan baffanta Villads, wanda ke da in'ina. Tun suna ƙanana, in ya fara magana ita ke ƙarasa masa. Ƙauna ce, ba raini ba.

Malaminsu Ejnar ba ya rubuta amsa a allo. Yakan raba yara uku-uku, ya ba su tambaya, su nemo amsar da hannunsu. Ranar bayani sai ya zuba sunayensu cikin hularsa ta ulu ya zaro ɗaya. Wanda ya fito shi zai yi bayani a madadin sauran.

Asta da Villads da wata mai tsokana, Thyra, aka tambaye su: me ya sa iska ba ta kwashe tudun yashin da ciyawa ta tsiro a kansa?

A shekarar kuma an gaya wa iyayen Villads cewa in bai nuna yana fahimta ba, za a mayar da shi ajin masu buƙatar taimako, ya rabu da abokansa.

Asta ta sami malamin shi kaɗai. "Ejnar, don Allah ka cire sunan Villads daga hular. Ni zan yi mana."

Ejnar ya dube ta. "Me ya sani game da yashin?"

Ba ta taɓa jira ta ji ba.

Washegari suka zuba yashi a faranti biyu, ɗaya da ciyawa. Villads ya fara: "Sa… sa…"

"Saiwa," in ji Asta.

Thyra ta zaro wata baƙar alewa mai gishiri irin ta ƙasarsu, ta cusa mata a baki. "Tsotsa, uwar surutu. Sai ta narke za ki yi magana."

Kafin ta narke, Villads ya gaya musu yadda ya taɓa tona ciyawar, ya bi saiwarta har hannunsa ya nutse bai kai ƙarshe ba. Asta ba ta san wannan ba. Kunya ta kama ta.

Haka suka ci gaba. Alewa ta yi ta ƙarewa, maganar Villads tana tsawo.

Ranar bayani Ejnar ya sa hannu a hula. Sunan Villads ne ya fito.

Ya tsaya gaban aji, ya hura iska kan faranti mara ciyawa, yashi ya watse. Ya hura ɗayan, bai motsa ba. Da ya zo faɗin dalili, sai kalmar ta maƙale masa. Kalmar tana kan harshen Asta, idonta ya ciko.

Ba ta jira Thyra ba. Ta ɗauko alewa da kanta ta jefa a baki.

"Saiwa ce ke riƙe shi," in ji Villads, "kamar yatsu." Ya ci gaba, a hankali, har ƙarshe.

Ba a canza masa aji ba. A hanyar gida, suna tura kekunansu, ya ce, "Asta, ashe kin iya shiru."

"Rufe min baki," in ji ta, tana share ido. Ta bar shi ya yi ta zuba har ƙofar gida.

Darasi: Aikin haɗin gwiwa ba ɗauke wa ɗan'uwa kayansa ba ne, tsayawa ne kusa da shi har ya ɗauka da kansa. Ku tura wa iyaye da malamai, da duk mai ƙaunar da ba ta iya jira.