Wankan Inna Kande

Ku ji wannan, 'yan'uwana mata. Ni dai tun da na ji shi gabana ke faɗuwa.

Inna Kande tsohuwa ce mai sankarar mama, 'ya'yanta uku, duk mata. Kafin a ɗaura mata ruwan magani, sai an ɗebi jininta an duba ko ƙoda da hanta za su iya ɗauka. Rannan ta naɗe hannu cikin mayafi.

“Kullum a cika kwalba da jinina! Sayarwa suke yi?”

Babbar, Baraka, ta ce, “Haba Inna, wa zai sayi jinin tsohuwa? Ga nawa, su fara da shi.” Daga ranar sai an soki Baraka, tsohuwar ke miƙa hannu.

Ana nan gwaji ya nuna ƙoda ta gaji, gishirin jini ya rikice, aka dakatar da magani. Likita ya tambaya me take sha a gida. Ladidi, ta tsakiya, ita ta fasa ƙwai: jiƙon sassaƙe da jar kanwa ne, yayan Inna ke aikowa.

“Ni kika tona wa asiri gaban bare?” in ji Inna. Har damina ta wuce ba ta amsa gaisuwar Ladidi ba. Amma da aka zubar da jiƙon, jini ya gyaru, aka ci gaba da magani.

Gwajin ƙarshe bai zo da daɗi ba. Hanta ta kasa, likita ya ce ƙarin magani sai dai ya gaggauta tafiyar. Baraka da Ladidi suka ce a ɓoye wa Inna. Auta, Tasalla, ta durƙusa gabanta.

“Inna, jinin ya ce mu koma gida.”

“To, ɗauko min takalmina.”

Ta koma ɗakinta, ta nemi gafarar dangi da maƙwabta, ta kira Ladidi ta riƙe hannunta. Kafin ta cika ta ce, “Wadda ta fi jin ƙaina, ita kaɗai za ta yi min wanka.” Ba ta kama suna ba.

Ga ruwa an ɗumama, an yanka likkafani, maza na zaure suna cewa rana na yi. Su ukun suna tsaye bakin ƙofa, kowacce ta naɗe hannun riga.

To ku faɗa min, wacece za ta shiga?