Agwagwar da Ta Daina Kuka

Laraba ce. Sanyi ake a Bulawayo, rana ba ta fito ba.

Akwai wani mutum, Zenzo Mlotshwa, mai tara tsofaffin wayoyin girke na ado. Ɗaki guda ya ware musu: mai siffar jan leɓe, mai siffar takalmi, har da motar tsere. Ba ya jona ko ɗaya. Su masu wannan sha'awa sun ce hannu ne ke kashe launi.

Mai siffar agwagwa kawai ya rasa. Ita kuwa tana unguwar Luveve, gidan mahaifiyarsa MaMpofu. Ta katako ce, marigayi babansa ya sayo ta, in an kira sai ta yi kukan agwagwa. Idon tsohuwa ya mutu, amma yatsunta sun haddace lambar ɗanta a jikin wayar.

Ran Larabar nan ya je ya zare igiyar daga bango, ya miƙa mata sabuwar wayar shafawa.

Ta lalubi gilashin. "Zenzo, wannan ai faranti ne. Ina lambobin?"

"Mama, ba ki san darajar abin nan ba. Miya kike shafa mata."

"Ita ce ke kira min kai."

Ya ce za ta saba. Ya naɗe agwagwa a tawul ya tafi.

Ya goge ta, ya sa a akwatin gilashi. Abokai suka zo suka yaba. Sau biyu ya kira tsohuwa ba ta ɗauka ba, ya ce fushi take, za ta huce.

Kwana na tara, maƙwabciyarta MaDube ta kira shi. Ta ce tun jiya da rana tsohuwa ta zame a madafa, ƙugu ya karye, babu wanda ya ji. Kafin ya iso asibiti ta cika.

MaDube ta damƙa masa sabuwar wayar. Gilashin duk shatin yatsu ne.

"A hannunta na same ta, ɗana. Allah ya sa agwagwar ta yi maka kyau a ɗaki."



Washegarin binnewa da safe, ya mayar da agwagwa Luveve, ya jona ta a bango, ya ja kujerar uwarsa ya zauna. Babu mai kira.

Darasi: Abin da kake gani ado, wataƙila shi ne sandar wani. Kafin ka ɗauke abu daga hannun tsoho, tambaye shi me yake yi masa. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye.