Tulun Gwaggo Kuluwa da Canjin Alewa

Kuna son ku ji dalilin da ya sa in aka aike ku shago, mai shago yake miƙo muku alewa biyu a maimakon canji, ko? Ku daina murna, ba ƙaunarku yake yi ba. Ku matso in gaya muku inda abin ya samo asali.

A da can, kuɗin ƙarfe suna da mutunci. Kwabo yana sayen ƙosai, sisi yana sayen tuwo da miya, mai sule a aljihu kuwa har tafiyarsa daban take. A wancan zamani, a wani gari da ake kira Kwanar Bagaruwa, an yi wani attajiri mai suna Alhaji Tanimu. Shi ke da babban kanti, kuma duk ƙananan masu shaguna a wurinsa suke sarin kaya. Mutum ne mai son a ce yana da kyauta, muddin dai ba a ce ya yi kyautar ba.

Wata shekara rijiyar garin ta rufta, aka ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a gyara. Aka ajiye babbar tasa a bakin kasuwa, aka rufe ta da ƙyalle don kada a kunyata talaka. Alhaji Tanimu ya jira sai da kasuwa ta cika maƙil, sannan ya taho cikin babbar riga mai aska takwas. Ya zura hannu a aljihu har gwiwar hannu, ya daɗe yana lalube, ya fito da hannun a dunƙule, ya cusa ƙarƙashin ƙyallen. Kowa ya ɗauka takardar fam ce.

Sai aka ji ƙwal. Kwabo ɗaya ne. Kuma kwabon bai yi wa Alhaji mutuncin kwanciya shiru ba, sai da ya zaga tasar sau uku yana ƙara, kasuwa ta yi tsit tana saurare. Wani mahauci ya ce, "Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Yau rijiya ta haƙu." Aka bushe da dariya.

Da wani ne, da ya ji kunya ya ƙara kuɗin. Alhaji Tanimu kuwa sai ya ga ai laifin kwabo ne. Takarda tana da tarbiyya, ba ta tona asirin mai ita. Washegari ya rantse a gaban kantinsa cewa ba zai sake karɓar kuɗin ƙarfe ba, wai suna huda aljihu. Masu ƙananan shaguna suka duba, in sun karɓa ina za su kai, tunda shi ne mai sari? Su ma suka daina. Da aka tambayi Alhaji yadda za a yi da canji, ya ce abu mai sauƙi, a ba mutum alewa. Ya manta bai faɗa ba cewa shi ne ke sayar da alewar.

To, a garin akwai wata tsohuwa mai daddawa, Gwaggo Kuluwa. Ɗakinta na yoyo, duk damina a zaune take kwana da ƙwarya a cinya tana tarar ruwa. Shekara shida tana jefa kwabo da sisi a cikin wani tulu, don ta sayi kwanon rufi. Kuɗin sun cika fam goma sha biyu cif, daidai farashin kwanon, a makon da Alhaji ya yi rantsuwarsa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ta ɗauki tulu a ka ta nufi kanti, don babu mai sayar da kwano sai shi.

"Alhaji, na zo sayen kwano."

Ya leƙa tulun, ya ja da baya kamar ya ga maciji. "Gwaggo, ai an daina karɓar waɗannan."

"Wa ya daina?"

"Kowa."

"Jiya ba kai ka ba ni su canji ba?"

"Jiya kika ce," in ji shi. Ya miƙa mata alewa ɗaya wai ta yi haƙuri. Matar da haƙoranta huɗu ne a baki.

Ta kai ƙara wurin alƙali. Alƙali ya gyara rawani, ya buɗe littafi, ya yi dogon bayani mai daɗin ji. Ya ce kwabo kuɗi ne halastattu, doka ta san da shi, duk wanda ya raina shi ya raina hukuma. Gwaggo ta ji sanyi a ranta. Ta kunce bakin zane za ta biya kuɗin ƙara, sai magatakarda ya dubi sulallan ya ce, "Gwaggo, babu takarda? Akwatinmu ba ya ɗaukar nauyi." Ta dubi alƙali, alƙali ya dubi rufi.

Ta hau mota zuwa birni, ta shiga banki. Can kam ba a wulaƙanta ta ba, an yi mata ladabi iya ladabi. Wani ma'aikaci mai farar riga ya ce tabbas suna karɓa, sai dai ta koma ta ware kwabo daban, sisi daban, ta naɗe su ashirin-ashirin a takarda, ta dawo ranar Alhamis. Ta kwana uku tana naɗi. Ranar Alhamis aka ce mai ƙirga ƙarfe ya tafi ta'aziyya. Alhamis ta gaba aka ce ya dawo, amma mai riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya ne ya tafi. A daren da ta koma gida aka yi ruwan fari, ta zauna da ƙwaryarta a cinya, tulun arziki a gefe, ta yi kuka. Ba ta taɓa jin talauci irin na ranar ba.

Ana nan sai matar Alhaji, Hajiya Yalwa, ta haihu, aka sa ranar suna. Ku yara ba ku san biki na da ba. In mace ta kai wa wata gudummawa, maroƙiya tana faɗar adadin a gaban kowa, kuma ran da mai bayarwar ta tashi nata bikin, ninki ake mayar mata. Wadda ta kasa mayarwa, ta gama shiga taron mata a garin. Ita kuwa Gwaggo Kuluwa, 'yarta Asabe na da tsohon ciki.

Ranar suna, gida ya cika da mata, sai ga Gwaggo da tulu a ka, ta riga ta warware naɗin kuɗin duka. Ta san in Hajiya ta toshe kunne ta ƙi mayarwa, shekara shidanta sun tafi ke nan, amma ta riga ta yanke shawara. Ta durƙusa gaban tasar gudummawa ta juye. Ƙarar da aka yi, har Alhaji a zaure sai da ya zabura. Mata huɗu suka zauna ƙirga. Maroƙiya ta miƙe ta rangaɗa guɗa ta ce, "Gwaggo Kuluwa mai daddawa ta ba da fam goma sha biyu! Matan attajirai, kun ji, ko in maimaita?"

Ba a ƙin gudummawa. Hajiya ta yi godiya da murmushin da bai wuce leɓe ba.

Bayan mako uku Asabe ta sauka lafiya. Hajiya ta sami mijinta ta ce, "Alhaji, fam ashirin da huɗu za ka ba ni."

"Na me?"

"Bikin Gwaggo Kuluwa."

"Ki mayar mata da ƙarafanta mana. Ga su can sun cika mini lungu."

"In mayar mata da abin da ta kawo, a ce na dawo mata da kayanta? Kuma ninkin fa? Ina zan samo wani tulun, bayan ka kore su daga gari? In ba ka bayar ba, kai za ka je ka zauna a tsakiyar matan ka yi musu bayani."

Alhaji ya tuna tasar rijiya, ya tuna bakin mahauci, ya ga cewa bakin mata ya fi na mahauci tsawo. Ya ƙirgo takardu sababbi fil ya miƙa mata.

Washegarin suna Gwaggo ta shiga kanti, ta ajiye takardun a kan tebur. Ta sayi kwanon ɗakinta, da na madafa, har da na akurkin kaji. Aka yi lissafi, saura sisi ɗaya canjinta. Alhaji ya sunkuya ƙarƙashin tebur, inda ya jibge ƙarafan, ya zaro sisi ya miƙa mata, yana fatan ya fara rage su.

Gwaggo ta dubi sisin, ta gane shi sarai, har da lanƙwasar da ke gefensa. Ta maida hannunta baya.

"Haba Alhaji, ai an daina karɓar waɗannan. Ba ni alewa dai."

Alhaji ya bi kowa da ƙarafan, masu shaguna, masu dako, har mahaucin nan, kowa ya karanta masa karatun da ya koyar. Ya kai banki, aka ce ya dawo Alhamis. An ce har ya rasu suna nan ƙarƙashin teburinsa, magada ma da aka zo rabo kowa cewa ya yi a bar wa ɗan'uwansa.

Shi ya sa har yau doka tana cewa kwabo kuɗi ne, banki yana cewa ku kawo, mai shago yana cewa babu canji, kuma dukansu ba wanda ya yi ƙarya. Ku kuwa ana cika muku hannu da alewa. In kuna ganin ita ma kuɗi ce, ku tara guda ashirin ku kai masa gobe ku ce ya ba ku sabulu, ku dawo ku gaya mini abin da ya ce.