Bindigar da Ba Ta Amsa Ba

An yi wani mutum a zamanin da, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don abin da aka yi a can ana yin wanda ya fi shi a nan. Sunansa Jatau. Ku saurara, jama'a. Yau raina a ɓace na zo, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Shi Jatau ba malami ba ne, ba mai sarauta ba ne. Bara ne a wata maƙera da ta yi suna wajen ƙera gajerun bindigogi, irin waɗanda fatake suke sokewa a ƙugu saboda 'yan fashin hanya. Maƙerar tana da alkawari tun zamanin mai ita na farko: duk bindigar da ta fita da tambarin gidan, in ta sami matsala a dawo da ita, gyaranta a wuyansu yake.

Aikin Jatau guda ɗaya ne. Ba ya zuga wuta, ba ya dukan ƙarfe. In an gama ƙira ko gyara sai a kawo masa. Ya rataye bindigar da zare, ya ɗauki wani ɗan guntun ƙarfe ya ƙwanƙwasa bututunta, ya kara kunne. Ƙarfe mai lafiya yakan yi amo mai tsawo, sai Jatau ya ce, "Ta amsa." Wanda ya tsage ta ciki kuwa, ko da ido bai gani ba, ƙwal kawai zai ce ya yi shiru, sai Jatau ya ce, "Ba ta amsa ba," a mai da ita wuta. Wadda ta amsa, a kai ta bayan maƙera a ɗaure a jikin wani kututture, a ja kunamarta daga nesa da doguwar igiya, don in za ta fashe ta fashe wa itace, ba hannun ɗan Adam ba. Shekara talatin yana wannan aikin, har ta kai fatake ba sa karɓar bindiga sai sun ji kalmar daga bakinsa.

To, mai maƙera ya rasu, ɗansa Arzika ya gaje shi. Ya gaji masaba, ya gaji tambari, ya gaji suna, amma tsoron Allah bai zo cikin rabonsa ba. Abin da ya fara yi shi ne ya soke gwajin igiya, wai ɓarnar albarushi ce da ɓata lokaci. Da son ransa ne da Jatau ma ya bi igiyar, sai dai ya san bakin tsohon nan shi ne kasuwarsa.

Akwai wani falke ana ce masa Cindo, ya sayi bindiga a gidan. Tun harbin farko ya ga hayaƙi yana fita ta gefe, inda bai kamata ba. Ya dawo da ita. Aka karɓa da fara'a, aka goge, aka shafa mata mai, aka ce an gyara. Aka ba shi ranar kasuwa, lokacin da aka aiki Jatau sayen gawayi. Ya tafi, ya sake harbawa, ta ƙona masa babban yatsa. Ya sake dawowa. Aka sake gogewa, aka sake zaɓar ranar da Jatau ba ya nan. Kun ji gyaran gangar Auzinawa! Mutum ya kawo maka abin da zai kare ransa da shi, kai kana yi masa kwalliya.

Karo na uku Cindo ya shigo da rana tsaka, yatsa a naɗe da tsumma, ya dangwarar da bindigar a gaban Arzika.

"Gobe da sassafe ayarinmu zai tashi," in ji shi. "Ka san dajin da za mu ratsa. Wannan karon ba zan karɓa ba sai Baba Jatau ya ce ta amsa, ina tsaye."

Arzika ya ce ya je ya dawo bayan la'asar. Yana fita, aka duba aka ga tsagar, siririya kamar gashi. Gyaran gaskiya shi ne a ƙera sabon bututu, aikin kwana huɗu. Arzika ya sa aka narka darma aka liƙe wurin, aka goge, aka shafe da baƙin mai. Ta fito tana sheƙi, ka rantse yau aka ƙera ta.

Sannan ya ja Jatau gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Baba Jatau, kai uba ne a gidan nan. In ya zo, kalma biyu kawai za ka faɗa, ka rufa mana asiri."

Jatau ya ce, "Maigida, in ta amsa zan ce ta amsa."

"In ba ta amsa ba fa?"

"Sai in faɗi abin da na ji."

Arzika ya ɓata fuska. Ya ce, "Ɗakin da kake kwana na wa ne? Hatsin da iyalinka suke ci daga rumbun wa yake fitowa? Ka yi tunani kafin la'asar."

Ku saurara da kyau, don kada ku ɗauka Jatau dutse ne. Ya ji tsoro. Ya tsufa, ba shi da gona, ba shi da wata sana'a sai wannan kunnen. Ya zauna a gindin bango yana ta saƙa da warwara. Zuciya tana ce masa, wataƙila darmar ta riƙe, wataƙila ma har su dawo ba za su gamu da kowa ba. Ai kun san wannan muryar, ba baƙuwarku ba ce. Amma duk inda ya juya, hannun Cindo yake gani, da tsumman nan a yatsa.

La'asar ta yi, Cindo ya dawo, maƙera suka ajiye aiki suka zagayo. Jatau ya rataye bindigar. Ya ƙwanƙwasa. Ƙwal. Ya sake, don kada ya zalunci maigidansa. Ƙwal.

Ya ce, "Ba ta amsa ba."

Kuna tsammani Cindo ya gode masa? Ina! Shi ya fara hayayyaƙo masa. "Haba Baba! Dubi yadda take sheƙi! So kake ayari ya tafi ya bar ni? Ko so kake in shiga dajin nan hannu rabbana? Sau uku ina zarya, yanzu kuma kai ne za ka tare ni?"

Wannan ita ce ta fi yi wa Jatau ciwo. Wanda ya sayar da tuwon bakinsa dominsa, shi ne yake zaginsa.

Arzika ya ga dama ta samu. Ya yi dariya ya ce, "Rabu da shi, Cindo, tsufa ne. Kunnen ya mutu tun bara, kunya ce ta hana mu faɗa." Ya fizge guntun ƙarfen, ya ƙwanƙwasa can wajen baki, nesa da tsagar, inda ko yaya za a ji ɗan amo. Ya ce, "Kun ji? Ta amsa! Ni ɗan gidan nan na ce ta amsa."

Cindo ya miƙa hannu zai ɗauka. A nan ne ran Jatau ya ɓaci, mutumin da shekara talatin ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya riga shi ɗauka. Ya ɗura ta a gaban kowa, ya juya ta, ya miƙa wa Arzika da hannu biyu.

"Maigida, mai yiwuwa kunnena ya mutu. Naka da rai. Tunda kai ka ji ta amsa, ga fili can. Harba sau ɗaya da hannunka, sai ya tafi da ita."

Jama'a, kun san abin da Arzika ya yi? Ya mai da hannayensa biyu cikin riga. Baki yana cewa, "Ni za a yi wa gwaji a gidan ubana?" amma hannu ya ƙi fitowa. Cindo ya dubi fuskarsa, ya dubi rigar, sannan ya juya ga Jatau.

Ya ce, "Baba, ina igiyar nan da ake faɗa?"

Jatau ya shiga ɗakinsa ya ɗauko ta, don bai taɓa yar da ita ba. Aka ɗaure bindigar a kututture, kowa ya ja da baya, aka ja. Ƙarar da aka ji ba ta harbi ba ce. Da hayaƙi ya washe, sai ga bututu ya dare gida biyu, kututturen kuwa ya yage daidai inda tafin hannu zai riƙe. Cindo ya durƙusa a wurin yana salati, ya rungume hannunsa na dama a ƙirji. Ya ce, "Baba, ka yafe mini." Jatau ya ce, "Ba ka yi mini komai ba. Ka ari ta wani ka bi ayarinka."

Yanzu na ga kun gyara zama, kuna jira in ce Arzika ya tuba, ko an naɗa Jatau shugaban maƙera. Ba haka aka yi ba. Kafin magariba Arzika ya sa aka fitar masa da tabarmarsa da tukwanen matarsa waje, wai ya tozarta gidan. Maƙeran nan da suka ga komai da idonsu, babu wanda ya ce uffan, kowa yana tsoron tuwonsa. Jatau ya ƙare rayuwarsa a wata rumfa a gefen kasuwa yana wasa wa mata wuƙaƙe. Bai yi arziki ba. Cindo kuwa ya tsufa da yatsunsa goma, da su ya yi noma, da su ya ɗauki jikokinsa.

To abin da ya ɓata mini rai ke nan. Mu nan mun cika gari da Arzika. Kai makanike, da ka ɗaure birki da waya ka ce wa direba an gyara, za ka sa 'ya'yanka a motar? Kai magini, da ka rage siminti ka shafe da fenti, za ka kwana a ƙarƙashin rufin? Ke mai abincin sayarwa, za ki ci daga tukunyar da kika zuba wa mutane? Ku kuma da kuke gani kuna shiru don kada a kore ku, kada ku ɗauka kun tsira, da ku aka yi.

Darasin a fili yake: aiki amana ne, kuma kalmar "an gyara" shaida ce da za a tambaye ka a kanta. Abin da ba za ka yarda ka riƙe da hannunka ba, haramun ne ka miƙa wa ɗan'uwanka. Gaskiya tana iya raba ka da ɗaki, tana iya raba ka da tuwo, ban yi muku alkawarin ba za ta yi ba. Amma gara a kore ka daga gidan wani da ka tashi gaban Allah da hannun mutum a wuyanka. Gobe kowa zai koma bakin aikinsa. Kafin ka ce wa mai kaya "an gama," ka tambayi kanka ko da ɗanka ne zai yi amfani da shi za ka faɗa. Allah Ya ba mu ikon faɗar gaskiya ranar da take da tsada.