Inda Kakale Ya Huda Jirginsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wata tungar masunta da ke bakin babban tafki. Sunansa Kakale. Ku saurara, ni ba na faɗin magana sau biyu.

Kakale yana da ɗan jirgi, ba inji. Ƙyalle ne babba yake ɗaurawa a doguwar sanda, iska ta tura shi. A tsakiyar jirgin akwai akwatin katako da yake zuba bandar kifi. A gaba kuma akwai ɗan ɗaki rufaffe, mutum ba ya miƙewa tsaye a ciki. Nan ake kwantar da marar lafiya in za a haye da shi asibiti.

Wata rana surukinsa ya aiko masa da kaya daga birni. Abu kamar faifai, samansa baƙin gilashi, ƙasansa 'yar fanka. Kakale ya juya shi, ya sake juyawa. Ba waya, ba wurin sa batir. Ya fita da shi rana, sai ya kama juyawa. Ya koma inuwa, ya tsaya. Ya kara fuskarsa, bai ji iskar kirki ba.

Ya kai wa Nomau kafinta. Ya ce, "Nomau, wannan abin lafiyarsa ƙalau kuwa? Yana juyawa, ba ya fifita."

Nomau ya yi dariya. "Kai da kifi kaɗai ka sani! Ba ta mutum ba ce. Rufi ake hudawa a dasa ta, ta zuƙe zafi da danshin ciki ta fitar. Rana ce abincinta. Amma ka zaɓi wuri da kyau. Katako in an huda shi, an huda."

To, ku ji inda ruɗu ya shigo.

Damina ce. Kifin Kakale yana yin fumfuna a akwati kafin ya kai kasuwa, kuma da kifin nan gidansa ke ci. Matarsa Kuluwa ta ce, "Malam, ai Allah ne ya kawo. A kan akwati za ka sa. Rana na dukansa wuni guda."

Gaskiya ta faɗa.

Amma akwai Inna Tabawa, wata tsohuwar maƙwabciya mai ciwon ƙirji. Duk Laraba Kakale ke haye da ita wurin likita. Ba ta iya zama a rana, a ɗakin kuma numfashinta sarƙewa yake. Sau biyu tana suma a tsakiyar ruwa, sai da ya yayyafa mata ruwa ta farfaɗo.

Kakale ya ɗauki gawayi ya zana da'ira a kan akwati. Ya goge. Ya zana a kan ɗaki. Nomau ya ce, "Nan kuwa in kuna dawowa ƙyallen zai yi mata inuwa, ta tsaya." Ya goge. Ya koma akwati. Kwana uku yana zane yana gogewa, har rigarsa ta yi baƙi. Masunta suka riƙa yi masa tsiya: "Kakale, jirgin za ka huda ko allo kake rubutu?"

Shi bai gane abin ba. Iskar da ba a ji, yaya za ta taimaki mai ciwo? In ya huda ɗaki ya zama banza, ya yi biyu babu. In ya huda akwati, kifi ya tsira, tsohuwa kuma fa?

Ranar Talata Nomau ya zo da zarto. "Ina ne? Ina da wani aikin."

Kakale ya ce, "Wallahi ban sani ba." Sannan ya ɗora hannu a rufin ɗaki. "Kifi in ya lalace na san inda wani yake. Huda nan."

Nomau ya huda, ya dasa fankar. Kuluwa ta kwana tana fushi.

Laraba suka haye lafiya. Da za su dawo, inuwar ƙyalle ta rufe gilashin, fanka ta tsaya. Kakale ya ji tari daga ɗaki. Ya dubi ƙyalle, iska ta cika shi, ga gida can nesa. Ya tashi ya sauke shi, ya ɗauki filafili. Da hannu ya tuƙa, rana na dukan ƙeyarsa, fanka na juyawa. Tarin ya lafa. Shirun ya yi yawa, sai ya leƙa. Barci take yi.

Da suka iso ta fito tana miƙa. Ta dubi fankar ta taɓe baki. "Ɗan nan, an cuce ka. Wannan abin naka ko iska ba ya bayarwa."

Kakale ya dubi tafin hannunsa da ya kumbura. Ya ce, "Haka ne, Inna. Sai Laraba."

Kuna jira in ce muku ya yi arziki? Bai yi ba. Kifinsa ya ci gaba da fumfuna har damina ta wuce. Amma Tabawa ba ta ƙara suma a jirgin nan ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta san dalili ba.

Ga maganar. Kakale bai gane fanka ba, amma ya gane wanda ya fi shi buƙata. Ku kuwa sai ku ce, "Sai na gama tunani." Ƙarya ne, son kai ne kuke yi wa rawani. Kowannenku yana da abu ɗaya a hannu da wuri biyu da zai sa shi. In kanka ya ɗaure, dubi inda rai yake, ka sa a nan. Kada kuma ka tsaya jiran godiya. Wanda ka yi dominsa ya gani.

Na gama. Ku tashi, an kira salla.