Makiyayin da Ya Sauko da 'Yar-Raɓa

Akwai wani makiyayi a gindin wani dogon dutse, sunansa Gayus. Ba shi da komai a duniya sai 'yan tumaki da matarsa Dinatu, ita kuwa tana fama da ciwon fuka. Duk shekara idan damina ta yi nisa, sai ƙirjinta ya toshe, ta zauna bakin gado tana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

Maganinta yana can ƙwanƙolin dutsen, inda gajimare yake sauka ya kwanta. Wata 'yar ciyawa ce da mutanen wurin suke kira 'yar-raɓa. Tsawonta bai wuce yatsa ba, a tsagar dutse take fitowa, furenta shuɗi ne ɗan mitsitsi, kuma ba a samunta ko'ina sai nan. A tafasa busasshen ganyenta a yi sirace, sai ƙirji ya buɗe.

Tun kaka da kakanni akwai dokar ɗibarta. Ba a taɓa ta sai fure ya bushe, iri ya zube. A tsinki ganye, a bar saiwa. Wanda ya tsinka kuma sai ya ajiye tsakuwa a gindinta, don mai zuwa bayansa ya san an riga an taɓa wannan bana, ya wuce gaba.

Wata shekara Gayus ya makara wajen hawa. Ya tarar da tsakuwa a gindin kusan kowace, da ƙyar ya haɗa abin da zai cika tafin hannu. Tsoro ya kama shi. Ya ce a ransa, “In baɗi aka riga ni gaba ɗaya fa? Ga gwiwoyina sun fara gajiya da hawan nan.” Kashegari ya koma da dagi da kwando. Ya tumɓuke su duka, mai tsakuwa da marar tsakuwa. Don wai kada su yi baƙunta a gidansa, har 'yar ƙasar da ke cikin tsagar ya kankare, tare da irin da ya zube a cikinta.

Da Dinatu ta leƙa kwandon, sai ta dafe ƙirji. Ta ce, “Maigida, me ka yi haka? Ai ba namu ba ne mu kaɗai. Jikar maƙwabcinmu Baba Ishaya ma da ganyen nan take numfashi.”

Ya ce, “Ke dai yi shiru, don ke na yi. Idan ta yaɗu, wa zan hana?”

Ya dasa su a bayan ɗaki, ya kewaye da zana don kada ido ya gani. Ya zuba takin tumaki, ya riƙa ba su ruwa safe da yamma. Kai, ko jariri bai sami gatan da ciyawar nan ta samu ba! Ta kuwa yi tsawo, ganyenta ya yi faɗi kamar na alayyafo, Gayus yana ta murmushi shi kaɗai. Amma ko fure ɗaya ba ta yi ba. Abin da ya saba da sanyi da ƙarancin ƙasa, ƙoshi ne ajalinsa. Da zafin bazara ya sauko, saiwoyin suka ruɓe ɗaya bayan ɗaya. Ya shanya ganyen da ya rage, ya adana, yana lallashin kansa.

Damina ta sake yin nisa, ƙirjin Dinatu ya toshe. Ya tafasa ganyen, ya lulluɓe ta da zane. Ta daɗe a ciki, sa'an nan ta ɗaga zanen ta ce, “Maigida, ruwan zafi ne kawai.”

Gayus ya kama hawan dutsen, yana tuntuɓe yana addu'a, ko Allah ya sa ɗaya ta tsere masa. Da ya kai sama sai ya ga tsakuwoyin nan suna nan inda aka ajiye su, kowace a bakin rami. Can gefe ga Baba Ishaya, tsoho tukuf, yana rarrafe yana cusa yatsa cikin tsaga. Tsohon ya ɗaga kai ya ce, “Ɗana, ko ka ga ɗaya ta wajenka? Yarinyar tana can tana shiɗewa.”

Gayus ya ce, “Babu, Baba.” Gaskiya ya faɗa, amma kunya da baƙin ciki suka hana shi duban fuskar tsohon. Ya sauko hannu wofi. Tun kafin ya kai ƙofar gidansa ya ji kukan mata a ciki, Dinatu ta rasu.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Dutsen nan duniya ce da Ubangiji ya ba mu amana. Ciyawar ita ce kowace baiwa da ya shuka a inda shi ya ga dama: rafin da garinku yake sha, kurmin da ake ɗibar magani, itacen da kakanninku suka bari tsaye. Tsakuwar kuwa ita ce tunawa da maƙwabci, wato ka ɗiba ka bar wa na bayanka.

Ku lura, Gayus ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Yana ƙaunar matarsa. Amma bai gaskata cewa Allahn da ya tanada bana zai tanada baɗi ba, sai tsoronsa ya sa rigar ƙauna ya ɗauki dagi. Garin neman gira ya rasa ido, ya kuma jawo masifa ga gidan da bai yi masa laifin komai ba.

Saboda haka duk ranar da zuciyarka ta ce maka, “Kwashe duka, ai don iyalinka ne,” ka tsaya tukuna. Ka tuna akwai wani tsoho a bayanka yana hawowa, shi ma da mai ciwo a gida.